Kafin A Ba Da Lasin Noman Wiwi, A Nemo Mai Riƙe Sikeli

Tun 'yan shekarun nan akwai wata magana da ta kan taso tsakanin manoma da 'yan kasuwa, ta kwanta, sa'an nan ta sake tasowa, watau cewa Gwamnati za ta halatta noman tabar wiwi don a yi magani da ita. A Turawa da sauran garuruwan ƙasar Karaye da Rogo maganar ta kan iso da ƙari. Wani ya ce ai an riga an yi dokar. Wani ya ce eka guda ta wiwi ta fi eka ashirin ta masara kawo kuɗi. Wani kuma ya ce tun da ga ruwan Challawa nan kusa, har da rani ma sai a noma. To, ya kamata a warware wa masu karatu zare da abawa, gama irin wannan jita-jita ce ta kan kai mutumin kirki gidan yari, shi kuwa yana tsammani neman abinci ya ke yi.

Da farko dai a sani ba a yi wata doka irin wannan ba. Noman wiwi laifi ne babba a ko'ina cikin Nijeriya, ko kadada goma ce ko tushe guda a bayan ɗaki. Dokar soja ta 1966 ta yanke wa mai shuka ta hukuncin kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba. An sassauta wannan a 1975, amma har gobe ɗauri ne mai tsawo. A 1989 aka kafa hukumar N.D.L.E.A., ita ce ke kamu da kai ƙara da sare gonaki. Kuma ba abin da Gwamnan jiha ko Majalisar jiha za su iya yi a kai su kaɗai, don tsarin mulkin 1999 ya sa sha'anin magunguna da guba cikin abubuwan da Majalisar Tarayya ce kaɗai ke yi musu doka. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce yana da takardar izini daga jiha, ko daga wani kamfani, ƙarya ya ke yi.

Amma maganar ba daga sama ta faɗo ba. A 2019 Gwamnan Ondo na lokacin, marigayi Rotimi Akeredolu, ya tafi ƙasar Tailan don ya ga yadda su ke noman wiwi na magani, ya dawo yana kira da a ba jiharsa dama. Ba mamaki daga can kiran ya fito, gama a dazuzzukan Ondo da Edo da Osun da maƙwabtansu a ke noman mafi yawan wiwin da a ke sha a ƙasar nan. Daga baya wasu 'yan Majalisar Wakilai, cikinsu har da Benjamin Kalu da Miriam Onuoha, suka kawo shirin doka a kan haka, aka yi ta ja-in-ja, a 2023 Majalisar ta ajiye shi bai wuce ba. Shugaban N.D.L.E.A., Janar Buba Marwa, tun da ya hau a 2021 ya sha faɗin cewa bai yarda a sake wa wiwi mara ba. Sai dai abin da aka ajiye ba a binne shi ba ne. Ba shakka za a sake kawo shi, kuma gara manomi ya san abin da ke ciki tun kafin ranar.

Shin akwai magani a cikin ganyen nan? Akwai, kuma ba amfani a yi musun abin da likitoci suka tabbatar. Cikin furen macen wiwi akwai sinadarai da yawa, amma biyu ne aka fi sani. Ɗaya shi ne mai sa maye, masana suna kiransa THC. Ɗayan kuwa, CBD, ba ya bugarwa. Tun 1985 Amurka ta yarda da wata ƙwaya da aka haɗa da irin sinadarin na farko, don masu ciwon daji waɗanda maganin asibiti ke sa su tashin zuciya da amai. A 2010 Ingila ta yarda da wani na fesawa a baki mai suna Sativex, don masu wata cutar jijiya da ke sanƙarar da gaɓoɓi. A 2018 kuma Amurka ta yarda da Epidiolex, wanda aka tace daga CBD, don wasu irin farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Waɗannan duka magunguna ne da aka tace, aka auna, aka zuba a kwalba, likita ya rubuta yawan da za a sha. Tsakaninsu da naɗin da yaro ke zuƙa a bayan tasha akwai tafiya mai nisa. Mutanen ƙasar nan sun san zaƙami, sun san mai magani ya kan yi aiki da shi, sun kuma san abin da ya kan yi wa wanda ya sha shi da ka.

Malamai sun riga sun yi bayanin hukuncin kayan maye, ba aikin wannan fili ba ne ya ƙara a kai. Abin da ya shafi filin noma shi ne wannan: in an ce a noma don asibiti kaɗai, wa zai ƙidaya abin da aka noma, daga ranar shuka har ranar da ya shiga kwalba? Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne masu kiran a halatta su kan yi saurin wucewa.

Ƙasashen duniya sun daɗe da amsa wannan tambaya a rubuce. Akwai yarjejeniyar 1961 a kan miyagun ƙwayoyi, wadda Nijeriya ke cikinta. Sashe na 23 da na 28 sun ce duk ƙasar da ta yarda a noma wiwi don magani, wajib ne ta kafa hukuma ta musamman. Hukumar ce za ta zaɓi yankin da za a noma da gonakin da za a noma a ciki. Ba mai shukawa sai wanda ta ba lasin, kuma lasin ya faɗi girman gonar. Manomi zai miƙa wa hukumar amfanin gonarsa duka, ba ya rage ko ƙwaya, ita kuwa ta saya ta kwashe cikin wata huɗu da gama girbi. Ita kaɗai ke da ikon sarin kayan da shigo da su da fitar da su waje. Bayan wannan kuma kowace shekara ƙasar za ta ba wata hukuma da ke zaune a Biyana lissafin abin da ta ke bukata da abin da ta samu. A watan Disamba na 2020 an yi ƙuri'a a can Biyana, ƙasashe 27 suka rinjayi 25, aka cire wiwi daga jerin ƙwayoyin da a ke ganin ba su da wani amfani a asibiti. Nijeriya tana cikin waɗanda suka ƙi. Amma ko wannan ƙuri'a ba ta taɓa sharuɗɗan ƙidaya ba, suna nan daram.

Dattawan Karaye da Rogo in sun ji waɗannan sharuɗɗa za su ce ai wannan tsarin auduga ne. Gaskiyarsu. A zamanin da kamfanin B.C.G.A. ke gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Malumfashi, manomi ba ya shuka irin da ya ga dama. Daga gidan gurza a ke kawo angurya a raba, irin da Samaru ta zaɓa. In an tsince, ba a sayarwa sai a kasuwar auduga wadda hukuma ta buɗe, a ranakun da ta sa. Malamin duba amfanin gona ya buɗe ƙunshi, ya duba datti da danshi, ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu. A ɗora bisa sikeli, akawu ya rubuta, wakilin da ke da lasin saye ya biya farashin da aka sanar tun kafin kaka. Bayan an gama kuma sai a yi shela kowa ya tuge karan audugarsa ya ƙone kafin ranar kaza, don kada tsutsa ta kwana ta jira shukar baɗi, kuma dagaci da mai unguwa su ke bin sawu. A 1954 Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa ce ta karɓi wannan aiki, ita ce mai sayen ƙarshe.

Watau ke nan ƙasar nan ta taɓa sanin yadda a ke bin amfanin gona tun daga iri har jirgin ruwa. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, tsarin nan ya rushe. A 1986 aka soke hukumomin cinikin amfanin gona, kasuwannin auduga suka watse, iri ya gauraye, kowa ya zama mai saye a bakin gona. Malaman da suka san aikin sun tsufa ko sun rasu, ba a kuwa horar da wasu da yawansu ba. Yau malamin gona guda shi ke da garuruwa da yawa, sau da yawa ba babur, in akwai babur ba mai. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ko a lokacin da tsarin ke da ƙarfinsa yana yoyo. Hukuma ta kan biya manomi ƙasa da farashin duniya, ta riƙe sauran. Duk shekarar da farashin gyaɗa ya fi kyau a ƙetaren iyaka, sai buhuna su bi dare a kan jakuna da raƙuma. Masaƙan gida kuma ba su fasa samun audugarsu ta bayan fage ba. Akawun sikeli ma, ba duka ne ke jin tsoron Allah ba, kowa ya san labarin yatsan da ke danna sikeli.

To, in auduga da gyaɗa sun yi yoyo, yaya wiwi? Buhun audugar da ya ɓace asarar kuɗi ce kurum. Buhun wiwin da ya ɓace kuwa, a cikin unguwa zai ƙare, a hannun 'ya'yan mutane. Kuma mai sayen bayan fage ba sai an neme shi ba, yana nan tsaye da kuɗi a hannu, ba ya tambayar lamba ɗaya ko lamba biyu, ba ya cewa a dawo wata mai zuwa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 14.3 ne, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda, kuma miliyan 10.6 daga ciki wiwi ne. A Jihar Kano an sami kashi 16 cikin 100, watau mutum sama da miliyan ɗaya. Wannan ita ce kasuwar da hukumar saye za ta yi takara da ita. A ce manomi ya kai kayansa sito, an ba shi takarda, an ce kuɗi sai an sa hannu a Abuja. Wata biyu, wata uku, ga bashin taki, ga matarsa za ta haihu. Da dare wani ya ƙwanƙwasa ƙofa. Wanda ya taɓa jiran kuɗinsa a hannun hukuma ya san yadda labarin zai ƙare.

In ana son misali na kusa, ba sai an je ko'ina ba, a tuna da maganin tari mai kodin. Shi halattaccen magani ne. Kamfanoni masu lasin ke yinsa, hukumar N.A.F.D.A.C. wadda aka kafa a 1993 ta yi masa rajista, doka kuma ta ce kada a sayar sai da takardar likita. Komai a rubuce ya ke. Duk da haka kwalaben suka bi ta ƙofar baya katan-katan, suka cika Kano, har matan aure a cikin gidajensu suka kamu. Sai da gidan rediyon B.B.C. ya nuna wa duniya yadda cinikin ke gudana, sa'an nan Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Haka taramol: abin da aka yarda da shi mai nauyin 50 ne da 100, amma masu nauyin 200 da 225 ake ta kamawa a tashar jiragen ruwa. Kuma sai a 2024 aka iya tashin masu sarin magani daga Sabon Gari aka mai da su sabuwar cibiya ta Dangwauro, bayan shekaru ana jayayya har gaban kotu. Kodin daga masana'antu ƙalilan ya ke fitowa, masu ƙofa da maigadi da littafin sito, amma aka kasa tsare shi. Gona ba ta da ƙofa.

Akwai kuma maganar tsabta, wadda masu lissafin riba ba su cika kawowa ba. Kamfanin magani ba ya sayen ganye don ya yi kore shar. Sai an kai ɗakin gwaji an auna yawan THC da CBD, an duba ko da fumfuna, an duba saurar maganin ƙwari, an duba darma da sauran ƙarafa masu guba, gama wiwi shuka ce mai zuƙar irin waɗannan daga ƙasa. In an sami abu guda ya wuce ƙa'ida, kayan duka sun tashi a banza, kuma doka ba ta yarda a mai da wa manomi ya sayar a wani wuri ba, ƙonewa za a yi. Masu fataucin wake ba su manta da 2015 ba, shekarar da Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Nijeriya saboda maganin ƙwarin da a ke zuba masa a sito ya wuce kima. Wake ke nan, abincin da kowa ya iya nomawa tun kaka da kakanni. Sa'an nan irin wiwi na magani ba a barin namiji kusa da mace, don in ya ba ta barbara sai ta koma yin 'ya'ya, ƙarfin furen ya ragu. Shi ya sa manyan masu nomansa su kan yi shi cikin rumfunan gilashi ko na leda, da shinge da fitilu da masu gadi dare da rana. Wannan ba aikin fartanya da garmar shanu ba ne, jari ne na miliyoyi.

A nan ya kamata a ɗan ratse a gyara wani kuskure. Wasu sun ji ana cewa akwai wiwin da a ke yin igiya da buhu da shi, sai suka ɗauka rama a ke nufi, da ya ke ganyen wata ramar ya yi kama da na wiwi. Ba ɗaya ba ne. Rama dangin yakuwa ce da kuɓewa, ba ta da maye ko kaɗan, kuma ba wanda ya hana noman ta. Wiwin igiya kuwa wiwi ne sosai, sai dai sinadarin mayensa kaɗan ne. Ido ba ya bambanta shi da mai bugarwa, sai ɗakin gwaji. Ƙasar Gana ta yi doka a 2020 ta yarda da irin wanda THC ɗinsa bai wuce 0.3 cikin 100 ba, Kotun Ƙoli ta soke sashen a 2022 don ba a bi hanyar da ta dace wajen yinsa ba, Majalisa ta sake yinsa a 2023. Wanda zai tsare irin wannan doka dole ya iya auna gona ɗaya ɗaya kafin girbi.

Sauran ƙasashen Afirka da suka riga shiga sun bar darasi iri biyu. Lesoto ce ta fara ba da lasin a 2017. Talakawan duwatsun ƙasar sun daɗe suna noman wiwi a ɓoye, suka yi murna za a fito da su sarari. Da aka sa kuɗin lasin sai ya kai maloti 500,000, kuɗin ƙasar ke nan, abin da ƙaramin manomi ba zai tara ba ko ya shekara nawa. Kamfanoni masu jarin waje, na Kanada da wasunsu, suka karɓe lasin, talaka ya zama lebura a rumfarsu in ya yi sa'a, in bai yi ba ya ci gaba da zama mai laifi kamar da. Zimbabuwe ta bi a 2018, Malawi a 2020, can ma kukan ƙananan manoma bai wuce tsadar lasin ba.

Maroko ta bi wata hanya. Dokarta ta 2021 ta kafa hukuma guda mai kula da abin tun daga iri har fitarwa. Ba a yarda a noma ba sai a larduna uku na duwatsun Rif, watau Alhusaima da Shafshawan da Taunat. Manomi ba ya samun lasin sai ya shiga jam'iyyar gama kai, jam'iyyar kuma sai ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin da zai saya tun kafin a shuka, kuma a miƙa amfanin duka. Girbin farko na halal, a 2023, ya kai tan 294, daga manoma 430 cikin jam'iyyu 32. A 2024 Sarkin ƙasar ya yi wa manoma sama da 4,800 afuwa, waɗanda aka ɗaure ko a ke nema saboda noman wiwi. Wannan tsari ya fi na Lesoto adalci nesa ba kusa ba. Amma a lura da dalilinsa. Mutanen Rif sun gaji noman wiwi ne, dubban gidaje da shi su ke ci, Gwamnati tana neman hanyar da za ta raba su da 'yan fasa-ƙwauri. Ba ta kai shukar inda babu ita ba. Ƙasar Karaye da Rogo kuwa ba ta gaji wannan ba. Abin da ta gada dawa ce da masara da gyaɗa da auduga da rake, ga noman rani da kamun kifi da suka ƙaru tun da aka gama madatsar Challawa a 1992. Kawo wiwi nan ba gyaran wata ɓarna ba ne, shuka sabuwa ce.

Ita Tailan ɗin da Gwamnan Ondo ya je koyo, abin da ya same ta ya isa a tsaya a duba. Ta fara da na asibiti kaɗai. A watan Yuni na 2022 ta cire wiwi daga jerin kayan maye tun ba ta gama dokar da za ta tsare cinikinsa ba. Kafin a ce kwabo shaguna dubbai sun buɗe, kowa na saye da sunan magani. A watan Yuni na 2025 sai ga Gwamnati ta dawo tana cewa ba mai saye sai da takardar likita. An saki akuya sa'an nan aka shiga neman igiya.

Batun riba kuma, a yi hattara da lissafin dokin rano. Farashin da a ke ambata na wiwi farashin haram ne, kuma haramcin ne ya sa shi tsada, don mai sayarwa yana sa kuɗin kasadar ɗauri a ciki. Ranar da aka halatta, aka yawaita nomawa, sai ya zama kamar kowane amfanin gona. Amurka ta halatta noman wiwi mara maye a 2018. A 2019 manoma suka rufa a kansa, kaya suka yi yawa, masana'antun tacewa suka kasa ɗauka, farashi ya faɗi warwas, da yawa suka bar nasu ya lalace a sito. Masu noman tumatir a Kadawa da Kura sun san wannan ciwo, ranar da kowa ya kawo kwando bakin titi a lokaci guda. Bambancin shi ne mai tumatir yana iya yankawa ya shanya, ya sayar da kauɗa da bazara. Mai wiwin lasin ba shi da kasuwa ta biyu sai ta haram. Kuma magani ba abinci ba ne da kowane gida ke bukata kullum, 'yan gonaki kaɗan sun isa su ƙosar da asibitocin ƙasa guda.

Saboda haka in shirin dokar nan ya sake zuwa Majalisa, abin da ya kamata wakilan Kano su tsaya a kai shi ne a fara gina sikeli kafin a raba iri. A ga hukumar saye da kuɗinta a hannu, a rubuta cikin dokar kwana nawa za ta yi ta biya manomi, da abin da zai same ta in ta saɓa. A ga ɗakin gwaji yana aiki, ba harsashin gini ba. A fara da gonar gwaji mai shinge a hannun masana, irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta shekara fiye da ɗari tana gwada iri kafin a ba manomi, a yi shekaru ana auna abin da aka girbe da abin da ya isa sito, a buga lissafin kowa ya gani. In an tarar da giɓi a gonar da ke da masu digiri da masu gadi, to, an sami amsa ba tare da an jefa ƙauye ko ɗaya cikin hatsari ba. Wanda ke ba da lasin kuma kada ya zama shi ne mai dubawa, gama ba a ba kura ajiyar nama. In kuwa marasa lafiya ne abin tausayi, kamar yadda masu shirin ke faɗi, ai hanyarsu ta fi kowace gajarta. Yaron da ke fama da farfaɗiya mai tsanani ba gona ya ke bukata ba, kwalba ya ke bukata, kuma ana iya duba yadda za a shigo da tataccen maganin ta hannun N.A.F.D.A.C. a ajiye a manyan asibitoci, kamar yadda a ke yi da allurar kashe zafin ciwo mai ƙarfi wadda ita ma daga shukar maye a ke samo ta.

Kafin nan, manomin Turawa ya kula da gonarsa ta bakin ruwa, musamman wadda ke nesa da gari. Baƙo ya kan zo ya nemi hayar fadama da kuɗin da ya fi na kowa, ya ce zai sa rake ko masara, sa'an nan ya tsarma wata shuka a tsakiya inda dogon kara zai rufe ta. Wani kuma ya kan kawo iri kyauta, ya ce na kamfanin magani ne, shi zai saye duk abin da aka samu. Ranar da jami'ai suka zo, baƙon ba ya nan, mai gona a ke tararwa, kuma sunansa ne dagaci ya sani a kan wannan fili. Duk mai ba da aro ko haya ko jingina ya yi a gaban mai unguwa da shaidu, a faɗi abin da za a shuka, ya kuma riƙa taka ƙafa yana shiga har tsakiyar gonar, ba ya tsaya a kan kunyar farko ba. In ya ga shuka mai ganye kamar yatsun hannu, gefensa da ƙartsi kamar zarto, mai wari in an murza, kada ya tuge ya ɓoye, kada kuma ya ƙone shi kaɗai. Ya bar ta yadda ta ke, ya sanar da mai unguwa da malamin gona a ranar, su kai maganar ofishin N.D.L.E.A. tare da shi.